Ra'ayinmu: Gyara gidanka bai zama sauke mu raba ba

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a 'yan shekarun nan ya ga yadda Tambuwal ke miƙe ƙafa. Inda a da gonakin gero suke, yanzu bulo ne a jere. Wasu gidajen an kai linta an tsaya, wasu an buga kwano ana jiran filasta, wasu kuwa an gama har da get mai fenti. Haka abin yake a Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, haka kuma a garin Kebbe, inda mutanen ƙauyukan da rashin tsaro ya taso ke neman ɗan filin da za su tsugunar da iyali kusa da jama'a. Tare da gine-ginen wata sana'a ta kankama: mai ɗan jari ya sayi fili, ya gina, ya sayar. Wani kango yake sayarwa, mai saye ya ƙarasa da kansa. Wani kuma sai ya ce, "Alhaji, ƙara min kaza in sa maka tayil da silin, in haƙa maka burtsatse, ka shigo da tabarmarka kawai."

To, ranar da za a je yi wa gidan takardun gwamnati, a kan wane kuɗi za a yanka haraji? A kan kuɗin kangon, ko a kan gidan da duk abin da aka ƙawata shi da shi? Idan kuma mai saye ne ya yi gyaran daga aljihunsa bayan an gama ciniki an yi fatiha, gwamnati na da rabo a ciki?

Tushen maganar shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗaure ta a jikinsa. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne da amfani. Mai izinin gwamna, wanda shi ne na filayen da aka ayyana a matsayin birni, sashe na 22 ya hana shi sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamnan. Mai izinin gargajiya a karkara kuwa, sashe na 21 ya tura shi wurin ƙaramar hukuma. Cinikin da ya tsallake wannan, sashe na 26 ya ce kamar ba a yi shi ba. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta ce ko wanda ya mallaki filinsa tun kafin dokar bai kuɓuta daga neman amincewar ba. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ba, domin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun sa ƙasa a hannun hukuma.

A bakin wannan ƙofa ake karɓar kuɗi: na amincewar kanta, na rajista, da harajin kan sarki, wato kuɗin hatimin da ake buga wa takardar ciniki. Idan cinikin tsakanin mutum da mutum ne, jiha ke karɓar na kan sarkin. Idan kamfani ya shiga ciki, ya koma na tarayya. Kuma wannan haraji da darajar gida yake tafiya, jadawalin tarayya ya sa kashi 1.5 cikin ɗari a kan takardar cinikin gida. Mu buga misali da lissafi. A ce an sayi kango naira miliyan 8, tayil da silin da wayarin da burtsatse suka ci miliyan 4. A kan miliyan 8 kashi 1.5 ɗin naira 120,000 ne, a kan miliyan 12 kuwa 180,000. Bambancin naira 60,000, kuɗin 'yan buhunan siminti. Da a nan abin ya tsaya da ba mu ɓata tawada ba. Sai dai a jihohi da dama kuɗin amincewa da na rajista su ma da ƙiyasin darajar gidan suke hawa, ga safiyo, ga lauya, ga zirga-zirgar kusan kilomita 100 daga Tambuwal zuwa Sakkwato, mutumin Kebbe ma tafiyarsa ta fi haka. Duk wata naira da aka ɗora a kan ƙiyasin sai ta haihu a wuri biyu ko uku.

Sannan kowa ya san yadda ake cinikin gida a Tambuwal ko Kebbe. Dillali ya haɗa, shaidu su zauna, mai unguwa ya tabbatar da iyaka, a rubuta takarda, a kai wa hakimi ko uban ƙasa ya buga hatimi, a raba goro a watse. Ba a tunawa da ma'aikatar filaye sai bayan shekaru, ranar da banki ya nemi takardar shaidar mallaka ko ranar da wani ya taso da rigima. Kafin wannan rana gidan ya sake kamanni. Jami'in ƙiyasi zai zo ya tarar da katanga da get da tankin ruwa a sama, alhali mai gidan bango huɗu ya saya ba ko ƙyaure. Idan aka ƙiyasta abin da ido ya gani ranar, an sa mutum ya biya harajin saye a kan abin da bai taɓa saya daga hannun kowa ba. Nan ne gizo ke saƙar.

Hukumar tara kuɗin shiga na da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Ta san cewa tambayar farko bayan an sallama ita ce, "Nawa za a rubuta a takarda?" Gidan miliyan 12 sai ya koma na miliyan 5 da alƙalami. Ta san kuma dabarar raba ciniki biyu: takarda ɗaya ta kango, ɗaya ta "kwangilar ƙarasawa", da magini ɗaya, a rana ɗaya, a zaure ɗaya. Idan aka ce duk abin da aka kira gyara ba ya shiga haraji, gobe kowane gida a jihar zai zama kango a takarda, har da wanda aka tare a cikinsa da amarya. Jihar Sakkwato da kason da ake rabawa a Abuja take rayuwa, kuma duk mai son ganin hanya da asibiti a Kebbe ba zai yi murna da ganin ana zurare ɗan abin da jihar ke tarawa a gida ba. Akwai kuma maganar adalci tsakanin masu saye. Malamin makarantar da ba shi da lokacin tsayawa a kan magina ya sayi gamammen gida ya biya haraji a kan miliyan 12. Maƙwabcinsa ɗan kasuwa ya sayi kango ya ƙarasa, ya biya a kan miliyan 8. Gidajen iri ɗaya ne, layi ɗaya. Jami'in haraji zai ce, don me? Zai kuma ƙara da cewa wanda ya ƙi yin rajista a kan lokaci shi ya jawo wa kansa, don doka ta ba da wa'adin buga hatimi, ba ta ce a jira shekara biyar ba.

Mun yarda da yawancin wannan. Inda muka rabu da su shi ne a kan sunan harajin da kansa. Haraji ne na ciniki, a kan takardar da ta fitar da dukiya daga hannu zuwa hannu. Ɗan kasuwan nan na misalinmu bai sayi tayil daga hannun mai gidan ba. A kasuwa ya saya, kuma a can ya riga ya biya harajin kayan masarufi, wanda yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, a kan siminti da fenti da kwano. Ya biya birkila da kafinta da mai walda, kuɗin ya zaga a cikin gari. Ya ɗauki kasadar tashin farashi, wanda duk mai gini ya ɗanɗana tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, har siminti ya yi tsada a jihar da ake yin sa a Kalambaina. Gwamnati kuma ba ta yi asarar komai ba. Ranar da zai sayar da gidan, mai saye na gaba zai biya a kan cikakkiyar darajarsa. Ban da haka ga harajin gidaje na shekara-shekara, wanda jadawali na huɗu na tsarin mulki ya sa ƙiyasinsa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Idan akwai wurin da gyaran gida ya kamata ya bayyana, can ne.

Mu kuma duba abin da ake kira gyaran. A Landan idan aka ce an ƙawata sabon gida, ana nufin dutsen marmara a kicin. A Kebbe ana nufin burtsatse saboda famfo ba ya zuwa, sola saboda wuta ba ta zama, doguwar katanga da get na ƙarfe saboda dare ya yi tsawo kuma jami'an tsaro sun yi nisa. Mutum ya yi wa kansa aikin hukumar ruwa da na kamfanin lantarki da na 'yan sanda, sannan a zo da biro a ce darajar gidansa ta ƙaru, ya kawo ƙari. Ko jami'in da ke rubutawar, idan ya koma gida ya kwanta, ya san akwai abin kunya a ciki.

Tarihi ma ya nuna inda irin wannan hanya take kaiwa. A 1696 Ingila ta ƙirƙiro harajin taga, yawan tagogin gidanka yawan abin da za ka biya. Mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo, masu gidajen haya suka cusa talakawa a ɗakunan da ba iska ba haske, likitoci suka yi ta kuka, sai a 1851 aka soke shi. Har yau ana ganin toshassun tagogi a tsofaffin gidajensu. Idan mutanen Tambuwal suka gane cewa filasta da fenti na jawo ƙarin kuɗi ranar rajista, ɗayan biyu za su yi: su bar fuskar gida ba filasta har a gama takardu, ko su ƙaurace wa rajistar gaba ɗaya. Na biyun ne ya fi yiwuwa, don dama can shi aka saba.

Saura maganar abin da magini ya saka kafin ya miƙa makulli. A nan ba sai mun je nesa neman ma'auni ba, yana cikin littattafan da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, ya keɓe fasali a kan abin da ciniki ke ƙunsa ko ba a ambace shi ba. Hukuncin malaman Malikiyya a can shi ne cinikin gida yana tafiya da abin da aka kafe a jikinsa, irin su ƙyaure da kanta da dutsen niƙa da aka gina da tsanin da aka buga wa ƙusa, ba ya tafiya da abin da ake ɗauka a fita da shi. Abin sha'awa, hukumar harajin Ingila ta yau a kan wannan layi take: kabad ɗin kicin da aka kafe da kayan bayi suna shiga kuɗin da ake yi wa haraji, labule da kafet da kujeru ba sa shiga, da sharaɗin a raba farashin bisa gaskiya. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan sabon gida a Dogon Daji, tayil da silin da wayarin da burtsatse da katanga na gida ne. Janareto da batir da firji da gado da labule kayan ɗaki ne. Faifan solar da aka ɗaure a kan kwano shi ne tsanin zamaninmu, za a iya yin gardama a kansa, don haka ya kamata hukuma ta yanke magana ɗaya ta rubuta, kada a bar wa kowane jami'i ya yanke tasa a tsakar gidan mutane.

Mun san wani zai ce mun yi tufka da warwara: mun ce burtsatse aikin gwamnati ne da talaka ya ɗauke mata, sannan mun yarda a yi masa haraji idan magini ne ya haƙa. Haka ne, kuma bai yi mana daɗi ba. Amma da zarar aka fara cire wannan a bar wancan daga farashin da aka biya a zahiri, an buɗe ƙofar ciniki tsakanin mai gida da jami'i, kuma an san wanda ke cin riba a irin wannan ciniki. Ƙa'ida ɗaya mai sauƙi da kowa zai iya lissafawa a bayan ambulan ta fi rangwamen da sai mai uwa a gindin murhu zai samu.

Masu saye su ma akwai maganar da za mu faɗa musu, ko da ba za ta yi daɗin ji ba. Rage farashi a takarda gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan cinikin ya warware, ko aka gano gidan na gado ne wani magaji bai sa hannu ba, abin da ke rubuce shi alƙali zai fara dubawa, kai da ka biya miliyan 12 ka koma neman shaidun da za su rantse cewa takardar da ka sa wa hannu ƙarya ce. Idan kason wani ka saya a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na da haƙƙin shuf'a, ya biya farashin cinikin ya karɓe, kuma ƙaramin adadin da ka rubuta shi zai riƙe. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe harajin riba ga wanda ya sayar da gidan da yake zaune a ciki, amma gidan haya ko na ajiyar kuɗi ribarsa abin haraji ce, kuma riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin saye da na gyara. Wanda ya rage kuɗin saye jiya ya kumbura wa kansa riba gobe. Takardar da ba a buga wa kan sarki ba kuwa, kotu na iya ƙin karɓarta a matsayin hujja.

Akwai wata ma da ta fi waɗannan. Ranar da gwamnati ta buƙaci wurin don hanya ko makaranta, sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin, sashe na 29 kuma ya ce diyya a kan abin da ka gina ko ka shuka take, ba a biyan kuɗin ƙasar. Wato gyaran nan da ake ɓoyewa shi ne ainihin abin da doka ta san naka ne. Rasit ɗin siminti da na mai haƙar burtsatse da hoton kangon ranar da aka saya, a adana su kamar yadda ake adana takardar gado. Hatimin sarauta yana da darajarsa wajen tabbatar da iyaka da shaidar maƙwabta, ba mu raina shi ba, amma ba ya maye gurbin rajista. A Afrilun 2024 gwamnatin jihar ta sauke uwayen ƙasa 15, ta kuma ambaci badaƙalar filaye cikin dalilan da ta bayar game da wasunsu. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, ya nuna cewa kujerar da hatimin ya fito daga gare ta tana iya sauya mai zama.

Hukuncinmu shi ne wannan. Abin da magini ya kafe a jikin gida kafin ya miƙa shi, ko aka yi yarjejeniyarsa tare da cinikin ko da an rubuta shi a takarda dabam, yana cikin farashi, a biya harajinsa cif. Kayan ɗauka a cire su. Abin da mai saye ya ƙara da kuɗinsa bayan gidan ya zama nasa, babu ruwan harajin saye da shi, kuma ƙiyasi ya kasance na yadda gidan yake ranar ciniki, ba ranar da jami'i ya samu zuwa ba. Wanda ya makara wajen rajista a ci shi tarar makara, mai adadi sananne, kada a fake da ƙiyasi a hukunta shi. Nauyin kawo hujja kuwa a kan mai gidan yake: ya nuna rasit da hoto da shaidar canjin kuɗi ta banki. Wanda ba shi da ko ɗaya, kada ya zargi kowa idan an ƙiyasta abin da aka gani.

Wannan ba zai yi aiki ba sai gwamnatin Ahmad Aliyu ta sauƙaƙa wa mutane zuwa da wuri. A manna jadawalin kuɗaɗen da Hausa, boko da ajami, a sakatariyar Tambuwal da ta Kebbe, tare da taswirar da ke nuna inda birni ya ƙare karkara ta fara, don mutum ya san ko wurin gwamna zai nufa ko wurin ƙaramar hukuma. A aiko da jami'an filaye da na haraji su zauna a Tambuwal a ranaku sanannu kowane wata, a biya ta banki a karɓi rasit. A kuma buɗe wa'adi na musamman da masu tsofaffin takardun hannu za su yi rajista a kan farashin da suka saya ba tare da tara ba, don a fara da littafi mai tsabta. Ƙananan hukumomin biyu, waɗanda Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, su guji rugawa da harajin gidaje a unguwannin da ba su kai wa ko kwata ba. Muna kira ga 'yan majalisar dokokin jiha masu wakiltar Tambuwal da Kebbe su kai maganar zauren majalisa, a rubuta ranar ƙiyasi da jerin kayan da ke bin gida a cikin dokar jiha, kafin kaka ta yi a shiga wani sabon zagayen gini da ciniki.